Hannayen da Na Riƙe

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Rariyar shayi nake nema na ci karo da littafin nan a kwandon matata Nasambu. Shafi uku ta cika da waƙoƙin coci, sauran fari fat. To ga ni nan, Situma mai gyaran keke na bakin kasuwar Chwele, wanda ya bar makaranta a aji huɗu, ajin huɗun ma rabinsa a kan bishiyar gwaba na yi shi, yau ni ne da biro. Wanda ya tsinci littafin nan ya yi haƙuri da rubutun, hannun sifana ne.

Yau kwana tara da muka kwantar da Nasambu a gindin ayaba. Ba maganar da zan yi ke nan ba.

Maganar 'yarmu zan yi, Namalwa. Shekararta ashirin da huɗu, tela ce, ba ta ji tun wani zazzaɓi da ta yi tana goye. Ranar Laraba da safe ta ƙulle kayanta a zani, ta wuce ni ina wanke baki a ƙofar ɗaki kamar ta wuce turmi. Ta tafi Bungoma wurin 'yan uwanta kurame.

Me na yi? Sai juya abin nake. Ranar Talata, a zaman kwana uku, dangin uwarta sun cika tsakar gida, sai ta miƙe ta fara magana da hannu, da sauri, kamar mai korar zuma. A da uwarta ke fassara mana. Ranar babu mai fassara. Jama'a suka zuba ido, kawunta Masinde ya ajiye kofinsa. Sai na tashi na kama hannayenta biyu, a hankali, Allah shaida a hankali, na sauke su na riƙe, na yi wa mutane murmushi na ce, "Gajiya ce, ku yi mata uzuri."

Iyakar abin ke nan fa. Ban zage ta ba, ban buge ta ba. Uba ya riƙe hannun 'yarsa. Tun yaushe wannan ya zama laifi?

Talata, 4 ga Yuni, da yamma

Ba ta dawo ba. Na tuƙa ugali, tuwon masararmu, kare ya shinshina, ya dube ni, ya tafi. Shi ma ke nan.

Laraba, 5 ga Yuni, da rana

Yayata Nabangala ta kawo mini dafaffen wake da masara, da nasiha a kai kamar yaji.

"Kai Situma, haka za ka zauna kamar kazar da ruwa ya doka? Yarinya ce, za ta huce."

"Yaya, mako guda ke nan."

"To? Kai da ka yi fushi da Baba ka shige gonar rake, kwana nawa ka yi?"

"Yini ɗaya. Yunwa ta koro ni."

"Ita ma yunwar za ta koro ta."

"Yaya, ai ita ce mai girkin."

Ta yi tsaki ta ce in tura mata saƙo. Na ce da wane baki? Na ƙirga mata abin da na iya na maganar hannu: zo, tafi, ci, kawo, bari. Biyar, a shekara ashirin da huɗu. Karen gidan nan ya san shida. Ni dai da na ga hannun Namalwa ya tashi, sai in juya in ce, "Nasambu, me take cewa?" Nasambu ta faɗa mini, in ba da amsa, ta mayar. Ban taɓa ganin aibun tsarin ba. Wa yake koyon iyo alhali ga gada?

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Na tuƙa keke har Bungoma.

Tana gidan Dattijo Wanyama, wani kurma mai gyaran takalmi a bayan tasha. Matarsa Selina tana ji, tana soya mandazi, wani irin fanke, kuma bakinta ya ishi su biyun har da saura. Sun ba Namalwa ɗakin baya, ta kafa keken ɗinkinta a ciki.

Tana ganina ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Mu masu kunne in aka juya mana baya murya muke ɗagawa. Na ɗaga. Na kira sunanta har mai gasa masara na tsallaken titi ya waiwayo.

Selina ta leƙo da matsami a hannu. "Baban Namalwa, in ka gama wa'azin ka zo ka sha shayi. Wadda ta ɗauke maka ido ai ta rufe ƙofa ta sa sakata."

A kan shayin ta gaya mini. Akwai wani wurin ɗinki na kurame a Nakuru, masu ɗinka kayan makaranta. Sau biyu suna kiran Namalwa tana ƙi saboda jikin uwarta. Yanzu ta amsa. Asabar, ashirin da tara ga wata, za ta hau mota.

"Ta kuma ce ba ta da abin dawowa. Wai me ka yi mata ne? Ta ƙi gaya mana."

Na ba da labarin yadda na saba ba da labari, da ɗan gishiri, ina kwaikwayon fuskar Masinde da kofinsa. Selina tana juya wa mijinta da hannu. Ban lura ta daina dariya ba. Wanyama ya ajiye takalmin da yake ɗinki, ya taso, ina tsakiyar magana ya ɗora tafinsa a bakina ya danne.

Hannun yana warin gam da tsohuwar fata. Ga mata biyu a benci suna jiran takalmansu. Na so in ture shi, tsohon ƙarfi gare shi kamar birkin tirela. Maganar ta taru a bakina ba hanyar fita. Na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ga kamar an yi shuka an yi girbi.

Sai ya sake ni, ya juya ya yi wa matan murmushi, ya motsa hannu.

Selina ta ce, ba ta dube ni ba, "Ya ce ku yi maka uzuri. Gajiya ce."

A dawowa na wuce kwanar gidanmu ban sani ba, sai da na ga gada.

Asabar, 8 ga Yuni, da safe

Asabar. Ban buɗe rumfa ba. Ciyawa ta fara fitowa a gindin ayaba, amma ba yau zan nome ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Na je sujadar kurame. A wani ajin firamare suke yi, bayan masu kunne sun tashi. Ban taɓa ganin surutu irin wannan ba, mutum arba'in kowa na magana, har daga wannan kusurwa zuwa waccan ake gulma. Ganga ɗaya ce, babba, a ƙirji suke jin ta.

Ina shiga wani ya taɓa na kusa da shi, ya ɗora yatsu a haɓarsa ya ture fuskarsa gefe, sau uku. Na kusa da shi ma ya yi. Kafin in zauna rabin ajin sun yi. Na ce lallai gaisuwarsu ke nan, mutanen kirki. Na miƙe na mayar musu, sau uku, har da ɗan rusunawa. Wata tsohuwa ta yi dariya har sai da aka riƙe ta.

Namalwa ce ke jan waƙa a gaba. Ashe tana jan waƙa. Idonta ya bi kowane benci, in ya zo kaina sai ya tsallake kamar keke ya ga rami.

Da aka tashi na tare Wanyama, na nuna hannunsa, na nuna nawa, na haɗa tafi ina roƙo. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ciro alli ya rubuta a jikin allon makarantar: Litinin, Laraba, Juma'a. Ya ƙara a ƙasa: Ka wanke hannu.

Laraba, 12 ga Yuni, da la'asar

Kaina ya yi zafi.

Ni na ɗauka maganar hannu kamar kayan keke ce: wannan feda, wannan sarƙa, ka haddace ka wuce. Ranar Litinin na haddace goma sha biyu, na dawo ina fito. Yau Wanyama ya nuna mini ashe ko ɗaya ban gama da ita ba.

Ya ce in yi "aiki". Na buga dunƙule a kan dunƙule, daidai. Ya gyaɗa kai. Sai ya yi nasa, gajeru, a jere, tak tak tak tak. Selina tana juya mandazi ta ce, "Wannan mai aiki kullum ke nan." Sai ya sake yi, a hankali, hannun yana zagayawa kamar taya a cikin laka, ya kumbura kumatu, ya ranƙwafa kafaɗa. "Wannan kuma tun safe yake abu ɗaya har rana ta faɗi."

Na ce, "To ina kalmar kullum ɗin? Ban ga ya sa ta ba."

"Tana cikin hannun, malam. Mu da baki sai mun ɗauko 'kullum' mun jingina. Su abin da kansa yake nuna sau nawa aka yi shi, da daɗewar da ya yi."

"To sau nawa zan buga ya zama kullum? Uku? Huɗu? A ba ni lamba, ni mutumin sifana ne."

Ta juya masa. Ya yi dariya har allura ta faɗi daga bakinsa. Ya ce wai in na yi kuka, hawaye nawa nake ƙirgawa kafin ya zama kuka?

Muka yi "sha". Sha sau ɗaya, shayin safe. Sha a jere, ya nuna ni da yatsa, ya nuna hanyar gidan giya. Na ce ƙarya ne, wa ya gaya masa? Selina ta ce, "Kurame ba sa ji, amma ba abin da ba sa gani."

Muka yi "jira". Na yi shi da sauri don in nuna na iya. Ya ce wannan jiran mai sayen gishiri ne. Ya yi nasa, yatsu suna motsi a hankali, hannun yana zagaye, yana zagaye, idonsa a hanya. Ni da nake kallo sai da na gaji.

Duk wannan ƙofar ɗakin baya a buɗe take. Ina jin keken ɗinki, bai tsaya ba ko sau ɗaya.

Juma'a, 14 ga Yuni, da rana

Ina bita a rumfa, wani mai dakon ayaba ya kawo faci ya same ni ina ta zagaya hannu a iska.

"Situma, lafiya? Ko makokin ne ya taɓa sama?"

Na ce karatu nake. Ya ce karatun me? Na ce jira. Ya ce in jira nake son koyo in ba shi sifanar, shi ya zauna a rumfar, ni in kawo keke.

Saura kwana goma sha biyar. Kalmomina sun kai talatin, kowace kuma da 'ya'ya uku. Ban san wadda zan fara gaya mata ba. Ban ma san me nake son cewa ba.

Litinin, 17 ga Yuni, da la'asar

Ban yi niyya ba. Muna cikin darasi Wanyama ya koya mini "faɗa": yatsa daga baki zuwa wurin wanda ake gaya wa. Ina yi sai hannuna ya tsaya. Na san wannan. Na gan shi ranar Talatar nan, kafin in tashi daga kujera.

Na ce, "Selina, ba haka ta yi ba. Ga yadda ta yi."

Na kwaikwaya musu yadda ta yi. Daga bakinta zuwa kaina, daga bakinta zuwa kaina, a jere, ba tsayawa, har gwiwar hannunta tana rawa. Sannan ta nuna kujerar uwarta da babu kowa a kai. Sannan wani abu a kan ciki, a hankali, yana zagayawa, yana zagayawa, fuskarta a matse. A nan na kama hannun.

Mai ya fara ƙonewa a kasko, Selina ba ta kula ba.

"Baban Namalwa, sai na fassara?"

Na ce a'a. Karo na farko a rayuwata da na ji maganar 'yata ba tare da kowa a tsakani ba, kuma ta zo mini bayan mako uku, daga hannuna.

Kuma ba ranar na fara ganinsa ba. Na gan shi a ƙofar kicin. Na gan shi a rumfa, ta zo da rana tsaka ta tsaya a kaina. Na juya na ce, "Nasambu, me take cewa?" Nasambu ta ce, "Ba komai, wai ka sayo sabulu."

Talata, 18 ga Yuni, da safe

Wake ne ke damun cikin Nasambu, na ce. Tun girbin bara nake cewa wake ne, ta rage cin wake. Har dariya ta yi.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

Ban je darasi ba. Na ɗaura wa wani birki, ya dawo da ƙafa, da ganye a gashinsa. Bai ma yi faɗa sosai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Na koma. Ina isa Wanyama ya yi mini gaisuwar nan ta coci, yatsu a haɓa, fuska gefe, sau uku. Na ce wa Selina yau dai a gaya mini amsarta, na gaji da zama abin dariya.

Ta goge hannu a zani. "Ba gaisuwa ba ce. Sunanka ne."

Ashe su ba ruwansu da sunan da aka raɗa maka a coci. Su suke ba ka suna, daga abin da suka gani a jikinka, kuma ba a tambayarka. Na Selina tabon mai ne a hannu. Na Nasambu, yatsu biyu a gefen ido, mai kallo.

"Nawa fa?"

"Mai kau da kai. Ba sau ɗaya ba, ka dai ga yadda ake yin sa."

"Wa ya sa mini?"

"Tana da shekara bakwai, ranar da aka kai ta makaranta aka ce yaya sunan babanki."

Shekara goma sha bakwai ina yawo da suna a garin nan ban sani ba. Na ce ai gara ni, wani Mai Kunnen Jaki ake ce masa. Ba wanda ya yi dariya.

Na sa aka koya mini "na tuba": dunƙule a ƙirji, a zagaya. Na ce yau zan yi mai tsawon, wanda ya fi na kowa. Na tsaya a ƙofar ɗakin baya. Ta ba ni baya, amma akwai madubin gwada kaya a gabanta. Na fara murza ƙirji. Na murza, na murza, har maɓallin rigata ya tsinke. Selina daga waje ta ce, "Ko ƙwannafi ne in kawo kanwa?"

Namalwa ta ɗago. A madubin idonmu ya haɗu, daidai ƙiftawa ɗaya. Sai ta ɗauki wani yadi shuɗi ta rufe madubin, ta ci gaba da ɗinki.

Wanyama ya ja ni waje. Ya yi magana a hankali don in bi, Selina ta cike inda na ɓata. Ya ce tuban nan nawa magana ce, kuma maganata ta isa haka. Yarinyar ba ta gama tata ba. Tana nan a hannunta inda na tsayar da ita. A gaban mutane na tsayar, a gaban mutanen za ta ƙarasa.

Lahadi, 23 ga Yuni, da yamma

Na gaya wa Yaya Nabangala zan sake tara dangin Nasambu ranar Juma'a, Selina ta zo ta fassara.

Ta ajiye tiren da take tsince wake. "Ka san abin da za ta faɗa?"

"Na san rabi."

"Rabin bai ishe ka ba? Masinde neman wanda zai ɗora wa laifi yake tun a asibiti. Kai da kanka za ka wasa masa wuƙa? A garin nan kake cin abinci, Situma. Gobe kowa ya ce ga wanda..."

"Ƙarasa mana, Yaya."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Ka bar ta ta tafi, shekara biyu ta manta."

Na ce yarinyar da ta riƙe suna ɗaya shekara goma sha bakwai?

Na je wurin Masinde da kaina. Ya ce wace magana ce kuma ta rage? Na ce ta 'yar ƙanwarka. Ya ce, "Ita wannan magana take yi?" Na buɗe baki in zage shi, sai na tuna waye ni.

Talata, 25 ga Yuni, da rana

Selina ta kai mata saƙon. Na ce me ta ce? Ta ce Namalwa zaren keke kawai ta canza. Na ce wannan e ne ko a'a? Ta ce, "Ni mandazi na iya."

Alhamis, 27 ga Yuni, da yamma

Na share tsakar gida, na aro benci, na nome gindin ayaba. In ba ta zo ba na tara surukai su kalle ni. In ta zo ma haka.

Juma'a, 28 ga Yuni, gab da faɗuwar rana

Ta zo. Ita da Selina da Wanyama, a matatu, motar haya ta ƙarfe goma.

Mutum goma sha ɗaya a gindin mangwaro. Na ce wa jama'a ranar nan na katse wa 'yata magana, yau za ta ƙarasa. Sannan na zauna a kan hannayena, duka biyun, na danne su da cinya. Yaya ta ce, "Wannan kuma wane sabon iskanci ne?" Na ce ban yarda da su ba ne.

Namalwa ta tsaya inda ta tsaya ranar. Ta fara daga farko. Daga bakinta zuwa kaina, a jere. Selina ta ce, "Na gaya maka, na sake gaya maka, na yi ta gaya maka." Sannan zagayen nan a kan ciki. Ba ta yi sauri ba. Ta bar shi ya yi tsawon da ya yi. Wannan ba wanda yake buƙatar a fassara masa.

Wuyana ya fara ja. Wallahi kamar an ɗaura masa igiya ana ja ta wajen kicin, inda na saba juyawa. Na ji Masinde yana huci. Na ji ana kallona ta ko'ina. Na kafe ido a kan hannun, na ce yau ko wuyan ya karye.

Ta faɗi abubuwa. Wasu na sani, wasu ban sani ba. Akwai na sabulu. Akwai abin da uwarta ta hana ta faɗa, ta kuma faɗa ɗin ba wanda ya duba. Ba zan rubuta su ba, littafin waƙoƙin coci ne. Masinde ya miƙe zai yi magana, sai ta juya ta nuna shi, ta nuna matarsa, ta nuna Yaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ta yi masa yatsa daga baki. Selina ta ce, "Ku ma na gaya muku." Masinde ya zauna.

Sai ta zo inda na tsayar da ita. Na ɗauka babbar tuhumar ce ta rage, na shirya. Hannunta ya sauko, ya rage sauri. Ta nuna kujerar, ta nuna kanta, ta nuna ni, ta ɗaga gira.

Selina ta juyo gare ni. "Ta ce, Baba, yanzu da Mama ba ta nan, wa zai riƙa gaya maka abin da nake cewa?"

Tambaya ce. Wata guda da ya wuce tambaya ta tashi yi mini.

Na zaro hannayena, sun mutu murus, kamar na aro su. Duk kalmomi talatin ɗin suka gudu. Ɗaya ta rage. Na kai yatsu biyu ga idona, na miƙa su wajenta, ban yi gajere ba, na ja shi a hankali ina zagayawa, ina zagayawa. Wanyama ya taso ya ɗaga mini gwiwar hannu, wai ta yi ƙasa. Ko a nan sai da ya gyara.

Ba ta rungume ni ba. Ba ta yi murmushi ba. Amma ta tsaya tana kallona har na gama, kuma na daɗe ban gama ba.

Masinde ya tafi bai yi mini sallama ba. Yaya ta ce in kawo rigar ta sa mini maɓalli.

Asabar, 29 ga Yuni, da rana

Ta tafi. Ban san me ya sa na ɗauka ba za ta tafi ba.

Ni na ɗaura keken ɗinkin a saman mota, ban bar yaran tasha sun taɓa ba. Ta samu wurin taga. Na tsaya a ƙasa, na yi ɗaya daga cikin biyar ɗina na dā, "zo", na ɗaga gira yadda aka koya mini don ya zama tambaya.

Ta dube ni. Direba ya ta da mota. Ta ɗaga hannu ta yi "zo", ta sake yi, sai wani mutum da kwandon kaji a kai ya gitta tsakaninmu. Kafin ya wuce mota ta juya.

Na kama Selina. "Sau nawa ta yi? Kin gani?"

"Ina ɗaure zani."

Na juya ga Wanyama. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna idona, ya nuna ni. Wai ni aka yi wa magana.

Litinin, 1 ga Yuli, da la'asar

Na je darasi. Wanyama ya kira sunana daga nesa, yatsu a haɓa, amma sau ɗaya ya ture fuskar. Ban sani ba ko rangwame aka yi mini ko wuyansa ke ciwo. Ban tambaya ba.

Tun Asabar nake maimaita abin tagar nan. Wani lokaci in ga biyu, wani lokaci in ga uku. In biyu ne, ƙila Kirsimeti da Ista. In a jere ne, ƙila duk ƙarshen wata. Har yanzu ba wanda ya yarda ya ba ni lamba.

Amma ba sau ɗaya ba ne. Wannan kam na gani da idona, don ina kallo.